Gwiwar da Ba Ta San Ƙasa Ba

Azumin bana cikin sanyi ya zo. Jiya ma an ɗan yi yayyafi bayan la'asar, na buɗe tagar kicin ina dama kunu, iska tana shigowa daga wajen shagunan unguwarmu ta Mesaimeer a nan Doha da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na kunna famfo zan wanke ludayi, ruwan ya zubo da sanyi har na janye hannu. Wannan janye hannun ne ya mayar da ni wancan azumin, sama da shekara goma ke nan, lokacin da muke zaune a wani tsohon gida a Al Asmakh, ruwan famfo yana fitowa kamar yanzu aka sauke shi daga murhu. Shekarar ce ɗana na fari ya shiga ƙwallon 'yan Ostareliya, kuma ni da nake aikin nas, shekarar ce na fi ganin jini a wajen asibiti.

Dogo kowa ke ce masa, ni ma da shi zan kira shi a nan. Mu mutanen Ƙaurar Namoda ne, a gidan mahauta aka haife ni, kuma a wurinmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Na yi boko, na sa fararen kaya, na hau jirgi na zo Doha, amma wannan kunyar ta biyo ni a cikin akwati. In ina son aike sai in ce, "Kai, wa ke nan?" shi kuma ya san da shi nake. In zazzaɓi ya kama shi, ƙanwarsa Rabi nake ba magani ta kai masa, ni kuma in laɓe a bayan ƙofa ina sauraron numfashinsa.

Gidan na Al Asmakh raba shi muka yi da Sista Rifkatu, abokiyar aikina, 'yar Kafanchan. Tankin ruwa a kan rufi yake, tun hantsi rana ta gama dafa shi. Saboda haka ana gama sahur kowa sai ya ɗauki bokiti, mu cika robobi da tukwane da duk abin da ke riƙe ruwa, mu jera a lungun da rana ba ta kaiwa. Wanda ya yi ganganci ya ce zai yi alwalar azahar a famfo, fatarsa za ta ba shi labari. Maigidana gyaran na'urar sanyaya ɗaki yake yi, kullum yana kan rufin gidajen mutane, ta gidanmu kuwa tana nan tana tari tana ɗigar ruwa. In na yi magana ya ce gobe. Goben nan ita ta kai mu har salla. Rifkatu ba ta azumi, amma ita ke karɓar mini aikin yamma, ranar da take gida kuma ita ke tsayawa a kan kaskon ƙosai, wai ai ita kaɗai ce mai lasisin ɗanɗana gishiri. Rabi ta markaɗa wake, ni in dama kunu, maigidan ya dawo da ƙanƙara a leda rabinta ta narke a hanya.

Yunwa ba ita ce matsalar ba, ƙishirwa ce. Kafin la'asar harshe ya manne a ganda, leɓe ya tsage, magana sai ta zama dole ake yin ta. Titi ya yi tsit, kuliyoyin unguwa sun miƙe a ƙarƙashin motoci kamar matattu. A irin wannan lokacin ne, ranar Juma'a, yayana yake ƙwanƙwasa ƙofa.

Mamman sunansa, amma Kututture aka san shi da shi. Tsohon ɗan dambe ne, a lokacin yana aikin fiɗa a mayanka, yana kwana a ɗakunan ma'aikata can kusa da Asian Town. Duk Juma'a sai ya zo da leda: kayan ciki, wani lokaci ƙafar saniya. A dambe, in gwiwarka ko hannunka ya taɓa ƙasa an kashe ka ke nan, ko da kana numfashi. Yaya ya yi shekarunsa yana bin garuruwa bayan kaka, an fasa masa baki, an karya masa haƙarƙari, kunnensa na hagu ya daina ji, amma ba a taɓa kashe shi ba. Wannan ita ce dukiyarsa a duniya. Allah bai ba shi ɗa namiji ba, sai ya kwashe ta gaba ɗaya ya ɗora wa Dogo.

Da Dogo ya zo da labarin cewa wani malaminsu Bature ya ga tsawonsa ya kai shi wurin 'yan Ostareliya masu ƙwallo, mun ɗauka ƙwallon da muka sani ce. Ashe ba ita ba ce. Wannan doguwa ce kamar gwanda, ana bugunta da ƙafa ta bi tsakanin dogayen sanduna, ana tsalle a cafe ta a sama ko da za a taka bayan wani, kuma duk wanda ke riƙe da ita halal ne a rungume shi a maka shi da ƙasa. Babu hular kariya, babu komai, sai riga mara hannu. Abin da ya tayar da Yaya tsaye shi ne jin cewa ba a jefa ta da hannu, sai dai a ɗora ta a tafi ɗaya a naushe ta da ɗayan.

Ya ce, "Ashe Turawa ma sun san dambe. Wanga wasa namu na, Hajo, sun dai sa mishi ƙwallo don kunya."

Daga ranar ya naɗa kansa mai horo. Wasannin gaske sai sanyi ya shigo ake farawa, amma Yaya ya ce ƙarfe da zafi ake ƙera shi. Bayan la'asar, dukansu biyu da azumi a baki, sai su hau rufi. Ya rataye buhun yashi a ƙarfen tanki, ya sa Dogo ya tsaya tsayuwar 'yan dambe, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, sai ya ja buhun ya sake masa a ƙirji. In buhun bai isa ba, shi da kansa zai taho a guje ya banke shi da kafaɗa. Ina ƙasa ina jin dirin a silin, ƙura tana zubowa a kan ƙullun ƙosai. Simintin rufin kuwa ya sha rana tun safe, ba ya taɓuwa. Ranar farko Dogo ya dafa shi da tafi, kafin a sha ruwa tafin ya yi bororo, washegari fatar ta saluɓe. Wata rana gwiwarsa ta gogi simintin, ya sauko da jan nama a fili. Yaya bai taɓa ce masa kada ya faɗi ba, rufin ne ya koya masa. Kafin azumi ya raba, sai ka ga an banke shi ya yi baya yana kakarin amai, babu abin da ke fitowa, idonsa ya yi ja, amma ƙafafunsa suna nan inda ya dasa su.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Amma me zan ce? In na hau rufi na ce a bar mini ɗa, na zubar da kunyar gidanmu gaban yayana. Sai in haɗa man ƙuna da bandeji in ba Rabi, in ce ta kai wa mai buƙata.

Bayan salla zafi ya canja kama, ya koma na gumi. Iska ta yi nauyi, kana fita daga mota tabarau ya rufe da raɓa, tufafi ba sa bushewa a igiya. A cikin wannan ne ƙungiyar ta fara taruwa bayan magariba. Rabi ta zo mini da maganar cewa suna neman wanda ya iya taimakon gaggawa ya riƙa zama a bakin fili. Na ce to, ai aikin lada ne. Rifkatu ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Lada dai, Hajara." Na haɗa jakata.

Wasan farko da na gani, da sanyi ya fara shigowa, na rantse na ɗauka faɗa ne ya ɓarke aka rasa mai rabawa. Manyan mutane ne, injiniyoyi da malaman makaranta, masu mata da 'ya'ya, suna karo da juna kana jin ƙarar ƙashi daga inda kake zaune. Kafin a je hutu na toshe hanci biyu da auduga, na mayar da wani ɗan yatsa da ya kalli baya. Dogo kuwa, Allah ya yi masa baiwa, wannan ko ni ba zan musa ba. In ya tashi sama sai ka ga ƙugunsa a daidai kan mutane, in ƙwallo ta taɓa hannunsa ta zauna. Wani jibgegen mutum ya taho a guje ya rungume shi zai kayar, sai ya ji kamar ya rungumi bango. Na biyu ya zo ya ɗafe masa a baya. Dogo yana tsaye da su biyun, ya ɗora ƙwallon a tafi ya kai mata naushi, ta tafi nesa kamar da ƙafa aka buga. Wanda ya fara karo da shi ya zame ƙasa yana riƙe da kafaɗa, da na taɓa na ji ƙashin wuyansa ya rabu biyu yana motsi a ƙarƙashin fata. Mutane suna ta tafi. Yaya yana gefe da abokansa mahauta, suna kaɗa jarka a madadin kalangu, yana zuba kirari: ɗan gidan fawa, jinin Kututture, ƙasa ba ta san gwiwarka ba.

Kocinsu wani jan mutum ne mai karkataccen hanci, da ganinsa ka san an sha karya shi, mu a gida Mai Hanci muke ce masa. Bayan wasu wasanni ya nemi ya zo ya gan mu, muka ce ya zo ranar Juma'a. Na yi farfesun ƙafar saniya, ya ci yana share hawaye saboda yaji, sannan ya ajiye cokali ya fara bayani, ni ina mayarwa da Hausa saboda Yaya. Ya ce ya daɗe bai ga hannu irin na yaron nan ba, tsallensa kuma ba koyarwa ba ce, da shi aka haife shi. Ya ce bugun ƙafarsa ba shi da saiti, sai ya nufi gabas ta tafi kudu, amma wannan gyaruwa yake yi. Ya ce a wasan ƙarshe wani mutum zai zo daga Ostareliya mai neman dogayen samari, kuma yana so ya nuna masa Dogo. Sai ya shafa hancin nan nasa, ya ce abu ɗaya ne ke hana shi barci: yaron bai iya faɗuwa ba. A wannan wasan kowa yana faɗuwa, ya mirgina, ya tashi, ba a ɗauke shi komai ba. Wanda ya ƙi faɗuwa da mutane a kansa, nauyin ba ya ɓacewa, gwiwa ce ke ɗauka, kuma wata rana za ta ce ta gaji.

Yaya ya tsotse ƙashin da ke hannunsa, ya ajiye a hankali. "Gaya mishi gidanmu ba a koya ma ɗiya hwaɗuwa. Ƙasa ta matacce ta."

Na juya na ce wa Mai Hanci yayana ya gode, ya ce za a duba. Dogo, da yake yana jin harsunan biyu, ya sunkuyar da kai cikin kwanonsa. Da baƙon ya tafi na ce, "Yaya, ai durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne." Ya ce waɗannan ba wadanni ba ne, na gan su kamar shanu, kuma shi ya sa ba za a durƙusa musu ba.

Sanyi ya kankama. Muka daina tara ruwa da asuba, muka koma ɗora tukunya don wanka, na'urar da maigidan ya gyara a ƙarshe ta zama ba mai buƙatarta. Ƙungiyoyi suna zuwa daga Dubai da Bahrain da Abu Dhabi, kuma ba a daɗe ba suka gane Dogo. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Tunda mutum ɗaya ba ya kayar da shi, sai su zo masa su biyu su uku, na sama ya murɗa shi hagu, na ƙasa ya ja shi dama. Kowane wasa sai ya dawo da sabon tabo, yau gira ta fashe na ɗinke, gobe shatin takalmi a cinya. A wani wasa da mutanen Dubai suka yi masa wannan taron, ya tsaya kamar kullum, ya naushe ƙwallon, suka sake shi. Amma da ya ɗaga ƙafa zai gudu na ga ya ɗan cije leɓe. Ba wanda ya lura, ni kuwa tun yana rarrafe nake kallonsa ta gefen ido.

Da yamma gwiwar dama ta kumbura. Na ce wa Rabi ta gaya wa mai ciwo nas tana son ganinsa. Ya kwanta a kan tabarma, na durƙusa, na riƙe ƙwaurinsa na ja a hankali, sai na ji ya biyo ni fiye da yadda ya kamata. Rabona da in riƙe ƙafarsa haka tun ina yi masa wanka a baho. Likitan ƙashi na wurin aikinmu ya sa aka ɗauki hoto, ya ce jijiyar da ke riƙe gwiwar ta fara tsagewa amma ba ta tsinke ba. In ya huta za ta iya haɗewa. In aka sake murɗa ta da nauyi a kai za ta tsinke, daga nan sai tiyata, kuma ko an yi ba lallai ya ƙara gudu kamar da ba.

Ya huta wasanni kaɗan, kumburin ya sauka, wasan ƙarshe ya matso. Na aika Rabi ta ce masa ya haƙura da bana. Ya aiko ta ta ce mini mutumin Ostareliya sau ɗaya yake zuwa. Na sa babansa ya yi masa magana, ya saurara da ladabi har aka gama, ya ce ya ji, bai ce ya bari ba. Na je wurin Mai Hanci, ya sa shi gudu da tsalle a gabansa, Dogo ya yi kamar ba shi ba. Sai kocin ya ce zai sa shi bisa sharaɗi ɗaya, duk wanda ya kama shi ya bi shi ƙasa.

Haka muka koma koyon faɗuwa a falo. Muka jawo katifarmu da ta Rifkatu muka shimfiɗa, babansa ya riƙa rungumarsa, shi kuma ya saki jiki ya mirgina ta kafaɗa. Rifkatu tana ba da maki, Rabi tana dariya har da riƙe ciki. A kan katifa ya iya sosai. Wata Juma'a muna cikin haka Yaya ya turo ƙofa da ledarsa, ya tarar da Dogo a kwance a ƙasa. Dariyar ta ɗauke. Ya ajiye ledar, ya ce, "Tashi." Dogo ya tashi. Ba mu ankara ba Yaya ya dunƙule hannun nan na dama, wanda ya yi shekaru a cikin ɗaurin dambe, ya kai masa a tsakiyar ƙirji. Ƙarar ta cika falon. Numfashin yaron ya ɗauke, idonsa ya firfito, ya yi taga-taga, amma ƙafar nan ta koma baya da kanta ta dasu, bai je ƙasa ba.

Yaya ya ce, "Ka gani? Jikinka ya hi ka hankali."

Maigidan ya yi masa magana mai zafi a ranar, irin wadda ba a yi wa suruki. Ni na shige kicin na kunna famfo don kada a ji ni. Na san gaskiyar Yaya ce, abin da rufi ya koya wa yaron katifa ba za ta goge shi ba.

Ranar wasan ƙarshe da ruwa aka tashi. A Doha ruwan sama baƙo ne, in ya zo kuma ba ya samun wurin zuwa, titi ya cika, fili ya zama caɓi. Na naɗe masa gwiwar da filasta da hannuna. Mutanen Abu Dhabi ne suka zo, kuma sun ga filastar. Baƙon Ostareliya yana tsaye a ƙarƙashin lema kusa da Mai Hanci. Yaya da mahautansa suna ɗaya gefen, ruwa yana dukansu, jarka tana tashi.

Ban taɓa ganin wasa irin wannan ba. Taɓo ya rufe riguna har ba ka gane na wane gari ne. Wani ya zo mini da kunne a yage yana reto, na manne shi da filasta ya koma. Wani ya tofar da haƙori a tafina ya ce in ajiye masa. An yi karo da kai biyu, ɗayan ya tashi yana tambaya wane gari ne nan. Dogo yana cikinsu yana tashi sama yana cafewa, jini daga girarsa yana haɗuwa da ruwa yana shiga masa ido. Sau da yawa an kama shi, amma yakan yi sauri ya naushe ƙwallon kafin su taru, sai in saki numfashi. Ko sau ɗaya bai faɗi ba. Ina ganin Mai Hanci yana yi masa nuni da hannu, ƙasa, ƙasa, shi kuma kamar bai gani ba.

Ana dab da tashi, mu ke gaba da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ƙwallo ta zo ƙasa-ƙasa kusa da inda nake zaune. Dogo ya sunkuya ya ɗauka. Kafin ya miƙe na farko ya rungume shi ta ƙugu ya haɗa da hannunsa na naushi. Na biyu ya ɗane wuyansa ta baya. Na uku, wani gajere mai faɗin ƙirji, ya zo ta ƙasa ya sa kafaɗa a daidai filastar. Takalmin Dogo ya nutse a taɓo ya kafe. Na sama suna juya shi, ƙafar ta ƙi juyawa. Ina kallo ya ja ɗaya ƙafar baya ya yi tsayuwar rufi, jijiyoyin wuyansa suka miƙe, haƙoransa a waje. Gwiwar ta fara lanƙwasa ciki, ta inda Allah bai yi ta ta lanƙwasa ba. Can gefe muryar Yaya tana tsaga ruwan, ƙasa ba ta san gwiwarka ba, ƙasa ba ta san gwiwarka ba.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Jakata ta kife, auduga ta watse a taɓo.

"Lawali! Lawali, faɗi ƙasa!"

Ko yanzu da nake rubuta sunan hannuna yana nauyi. Shekararsa goma sha bakwai a duniya bai taɓa jin sa a bakina ba. Ya juyo da kai yana neman inda muryar ta fito, idonmu ya haɗu, sai na ga jikin ya saki. Ya tafi ƙasa ta kafaɗa, yadda ya koya a kan katifar Rifkatu, su ukun suka rufto a kansa. Gwiwar ɗaya daga cikinsu ta sauka a fuskarsa, na ji ƙarar daga inda nake. Ƙwallon ta suɓuce, wani nasu ya ɗauke ya buga ta tsakanin sanduna, aka busa tashi. An cinye mu.

Na isa kansa a guje. Kuncinsa na hagu ya lotsa, bakinsa cike da jini, haƙoran gaba biyu babu. Ban bi ta kan fuskar ba tukuna, ƙafar na kama. Na riƙe ƙwaurin na ja. Ya biyo ni kaɗan, sannan ya tsaya. Jijiyar tana nan.

Ya dube ni da ido ɗaya, ɗayan ya riga ya rufe, ya ce, "Inna, ke kika kira ni?"

Na ce, "Rufe bakinka, jini na zuba."

Da na ɗaga kai na nemi Yaya, sai bayansa na gani, yana tafiya cikin ruwa wajen titi. Jarkar tana nan a yashe inda ya bar ta.

Mai Hanci ya same mu a asibiti washegari da saƙon baƙon. Mutumin ya ce hannu da tsalle babu magana, amma bugun ƙafa har yanzu da saura, kuma yaron ya fara a makare, da wuya ya kai sahun manya. Ya ce dai akwai wata ƙungiya a wani ƙaramin gari da za ta so shi, tunda ya ga yana da zuciya kuma in ta kama yana zuwa ƙasa. Da fuskar ta warke, shekara ta zagayo, Dogo ya tafi. Ya yi 'yan shekaru yana buga musu a ƙarshen mako, sauran ranaku kuma yana aiki a mayankar tumaki ta garin, abin da ya sa maigidan ya ce gado dai ba ya ɓata ko an haye teku. Bai yi suna ba, ba a taɓa nuna shi a talabijin ba. Ya dawo Doha da haƙoran roba biyu da Turanci ta hanci.

Yaya kuwa ya ɗauke mana ƙafa tun daga ranar ruwan. Juma'a ta zo ta wuce, babu ƙwanƙwasa, na kira wayarsa ba ya ɗauka. Abin ya dame ni ƙwarai, don duk abin da ya yi, shi ya goye ni ina ƙarama. Sai da azumi ya sake zagayowa cikin zafi, muka koma tara ruwa da asuba, sannan wata Juma'a na ji ƙofa. Ya shigo da ledarsa ya wuce kicin kai tsaye, ya ce in ba shi wuƙa. Ya fito da ƙafar saniya ya ɗora a katako, ya laluba gaɓar da babban yatsa, ya sa bakin wuƙar, ya danne sama da hannu ɗaya ya murɗa ƙasa da ɗayan. Gaɓar ta lanƙwasa ciki, ta yi ƙara, ta rabu. Ya daɗe yana kallonta.

Ya ce, "Hakanga ta lanƙwasa rannan, Hajo. Na gani kahin ki gani. Kullum shi na aikina, na san in ta kusa." Ya goge wuƙar a gefen katakon. "Bakina dai ya ƙi barin kirari."

Na miƙa masa tukunya. Daga baya ya bar aikin ya koma gida, bara waccan Allah ya yi masa rasuwa a Ƙaura. Dogo ya bi babansa suka je. Maigidan ya ce da aka gama rufewa mutane suka watse, yaron ya durƙusa a bakin kabarin da gwiwa biyu, ya daɗe bai tashi ba.

Jiya, ina tsaye da ludayin nan a hannu ruwan sanyi yana zuba, sai na ji ƙofar ƙasa ta buɗe. A hawa na uku muke yanzu, kuma Dogo ba ya jiran lif. Na kashe famfon don in ji sosai. Yana hawowa a guje, yana tsallake matakala, 'yarsa a kan wuya tana ƙyalƙyala dariya, ƙafar dama tana sauka da ƙarfi ɗaya da ta hagu. Tun ranar ruwan ban sake kama sunan ba. Na jira har ya yi sallama, na juya wa ƙofa baya, na ce, "Kai, wa ke nan? A zo a sauke mini tukunyar nan."